Rumbun gwangwani daga Gude

Direban tirela ɗan Kabo ya miƙo mini saƙo daga garinmu Gude a tasha nan Legas, na ji kwalin sakayau. Wata biyu ina roƙo a aiko mini kuka da daddawa, don cefanen garin nan ya fi ƙarfina.

Ina buɗewa sai ga ɗan rumbu, bai fi tafin hannu ba. Gwangwanin madara ne, an yi masa jinka da tsohuwar tsintsiya, an ɗora shi kan murafen kwalba.

Na kira mahaifina a fusace.

"Baba, miya na ce zan yi. Gwangwani zan kaɗa?"

"Kai dai ba ka rabo da mita. Ɗaga jinkar."

Na ɗaga. Cike yake da sabon gero.

"Na gonarka ne da ka bar mini shekara uku. Tunda ka ƙi zuwa ganin rumbu, ga shi ya zo ganinka."

Ba zan zalunci tsoho ba, aikin ya yi kyau. Amma har yau ba ni da kuka, kuma jiya saura kaɗan in mari maƙwabcina da ya kira ɗan rumbun nan shara.

Jama'a, haka naku tsofaffin ke kiran mutum gida?