Ba Ƙwaya Ba Ce, Laka Ce

Assalamu alaikum.

Na daɗe ban ce uffan a shafin nan ba. Ba kunya ce ta hana ni ba, yatsuna ne ba sa iya riƙe waya. Yanzu suna iyawa, kuma wasunku ba za su ji daɗin abin da zan faɗa ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nafi'u, ɗan Gyadi-Gyadi. Zari-ruga ce sana'ata, irin wadda ake bugawa mutum sha uku-sha uku. A wani filin makaranta a Tarauni na fara, na koma Legas, daga can wata ƙungiya a arewacin Ingila ta ɗauke ni. A sahun gaba nake. Aikina in rungumi ƙwallo in afka wa ƙatti, in su ne suka taho in tare su da kafaɗa.

Ciwon ya fara ne bayan wani karo da na yi. Na ji kamar an jona min wutar lantarki daga wuya zuwa yatsun hagu. Na faɗa wa kocinmu.

Ya ce, "Kowa yana jin wannan. Ko ka gaji da rigarka ne in ba wani?"

Aka yi min allurar kashe zafi, na koma fili. Haka aka yi ta yi duk mako. Ba wanda ya ce a ɗauki hoton wuyana.

Da ƙwallo ta fara suɓuce min, sai suka ce na yi sanyi. Kwantiragina ya ƙare, suka ƙi sabuntawa, na tattaro na dawo gida.

A Kano abin ya ci gaba. Cokali ya riƙa faɗuwa daga hannuna. Maɓallin riga ya gagare ni. Ƙafafuna suka yi nauyi kamar na ɗaura musu bulo.

Wata rana na sauko daga adaidaita sahu a bakin titin Zariya, ƙafa ta ƙi ɗaukata, na yi tangaɗi na faɗa kwata. Wani abokina da muka fara wasa tare yana tsaye a wurin. Bai miƙo min hannu ba. Waya ya ɗaga.

Kun ga bidiyon. Kun ga abin da ya rubuta a ƙasa: "Ɗan Ingila ya dawo da sabon salo." Ku kuma kuka ɗora. Wannan ya ce ƙwaya ce, wancan ya ce ruwan kwalba ne. Wasunku na saya muku takalmin wasa da hannuna.

Maganar ta kai ga mahaifiyata a gidan suna. Ta dawo ta zauna a gabana ta ce, "Nafi'u, tsakaninka da Allah, kana sha?"

Duk karon da na sha a fili, babu wanda ya kai wannan tambaya zafi.

Yayata Hauwa ce ta zo daga Daurawa ta ce, "Umma, mashayi ba ya kasa ɗaura agogo da sassafe. Nafi'u, tashi mu tafi asibiti."

Layin kati, gwajin jini, gwajin fitsari, hoton ƙashi. Daga ƙarshe aka tura ni cikin na'urar nan mai kama da rami, wadda take ta ƙwanƙwasa a kunne. Likita ya ɗaga hoton ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Faifan da ke tsakanin ƙasusuwan wuyanka ya zame, yana danne laka. Wa ya bar ka kana wasa a haka? Da ka ƙara karo ɗaya mai ƙarfi, da a keken guragu za a riƙa tura ka."

Na rubuta wa ƙungiyar. Suka ce ba na cikin 'yan wasansu yanzu, suna yi min fatan alheri. Motata na sayar, Yaya Hauwa ta haɗa da sarƙarta, aka biya kuɗin aikin tiyata.

Ta gaban wuya suka tsaga. Kafin a shiga da ni an ba ni takarda in sa hannu cewa zan iya tashi ba na motsi. Na kasa riƙe biron, dangwala yatsa na yi. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba.

Na farka da robar fitsari da taurin wuya, muryata a shaƙe. Daga nan sai ɗakin gashi, inda ake sake koya wa gaɓoɓi motsi. Ni da nake kayar da ƙato, aka zuba min wake a faranti aka ce in tsince ɗaya-ɗaya. Na yi kuka a kan waken nan.

Yanzu ina zuwa masallaci da ƙafata. Wasa kuwa an rufe babinsa, likita ya ce har abada.

Mai bidiyo ya zo dubiya da ledar lemo. Ya ce, "Wallahi wasa nake yi, kuma na goge."

Na ce, "Na wayoyin mutane fa?"

Ya ajiye ledar a gabana. Na ce ya ɗauki lemonsa.

Na gode wa Allah. Na gode wa Umma da ta kwana a tabarmar asibiti, da Yaya Hauwa, da likitocin da suka yi min aiki, da direban adaidaitan da ya tsamo ni daga kwata ya wanke min fuska da ruwan leda.

Ƙannena masu wasa, ku ji da kyau. In kun ji hannu ya mutu ko yatsa yana yi kamar ana tsira masa allura, ku fita daga fili, ku nemi a ɗauki hoton wuya. Kada ku yarda da allura ana gobe wasa. Kada ku sa hannu a kwantiragin da bai faɗi wanda zai yi jinyarku ba.

Ku kuma masu turo min "Allah Ya ƙara sauƙi" yanzu, na amsa da amin. Amma in kun sake ganin mutum ya faɗi a titi, ku sa wayar a aljihu, ku ɗaga shi.