Kabarin Kakata a Gindin Ƙal'a

Sau ɗaya tak mahaifina ya taɓa roƙona wani abu, shi ma ɗin umarni ne aka sassauta masa murya. Muna ƙofar gidanmu a unguwar Nuzla ta Jidda bayan la'asar, ina wanke ƙafa da buta, ya ce, "Babana, kafin idon nan ya rufe, ka kai ni wurin Inna." Babana yake ce mini, don sunan mahaifinsa na ci. Inna kuwa uwarsa ce, kakata, wadda ta rasu yana ɗan shekara tara. A lokacin idonsa na hagu ya riga ya tafi, na daman ma dishi-dishi yake gani da shi.

Labarin na san shi tun ina ƙarami. Da ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa, shi da iyayensa, suna tafe suna yada zango suna ƙwadago, har suka ƙetare teku suka sauka Jidda. Da yake saura watanni kafin Hajji, sai suka bi ayari zuwa Madina don ziyara. A hanya ciwon ciki ya kama Inna, ayari ya wuce ya bar su a wani gari. Mutanen garin suka tsorata ko annoba ce, ba wanda ya yarda ya matso. Suka nuna musu wata rusasshiyar ƙal'a a kan dutse, irin gidan tsaron mutanen da, suka ce su zauna can, kullum a ajiye musu gurasa da dabino a gindin dutsen. A can ta cika. Kakana shi kaɗai ya yi mata wanka, ya sauko da ita, ya haƙa a gefen maƙabartar garin ya rufe ta. Da ya gama ya koma sama da ɗansa, ya ɗaga shi zuwa wata 'yar siririyar taga ya ce, "Duba da kyau, can uwarka take."

Sunan garin Baba bai riƙe ba. Abu uku ya riƙe: ƙal'a a kan dutse, ruwa mai gudu a ƙasa, kasuwa a bakin ruwan. Shekarun da yake da ƙarfin tafiya ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, fita daga Jidda neman rigima ne. Da takarda ta samu kuma ɗawainiyarmu ta danne shi, yana dako a bakin teku har bayansa ya ranƙwafa.

Ni kuwa direba ne, kuma ba yabon kai ba, ƙauyukan tsohuwar hanyar Madina kaɗan ne ban kai musu buhun shinkafa ba. Ko tunani ban tsaya yi ba na ce, "Baba, na san wurin. Halas, magana ta ƙare, jibi mun tafi." Mahaifiyata da ke bayan labule ta ce, "Kai dai bakinka ya fi motarka gudu." Na ce, "Umma, ki zuba ido." Gaskiya kuma na san wurin, wannan ko yau zan maimaita. Abin da ban lissafa ba daban ne.

Muka fita bayan asuba a a-kori-kurata, muka isa da hantsi, muka kuwa dace da ranar kasuwa. An yi ruwa a kan duwatsu kwanakin baya, rafin ya kawo, ja wur, yana bi ta tsakanin itatuwan dabino. Kasuwar na nan a bakinsa: awaki, lalle, zuma a gwangwanaye, man shanu a salka, ƙauyawa na ta ciniki kamar masu faɗa. Baba ya sauko ya tsaya, ya karkata kai yana sauraron ruwan. Ya ɗaga ido sama inda ƙal'ar take, ya daɗe yana ƙifta na daman. Ya ce, "Nan ne." Wallahi ƙirjina sai da ya kumbura.

Na tsaya wurin wani dattijo mai zuma na tambaye shi da Larabci ina tsohuwar maƙabarta. Ya nuna bayan dutsen da haɓa, ya ce, "Wa kake nema, ya Takruni?" Haka suke kiranmu, mu da kakanninmu suka zo daga yamma. Na ce kakata. Ya girgiza kai ya ce kabari a nan ba ya ɗauke da suna, ko na ubansa shi kansa ba zai iya nunawa ba. Na ce masa mu muna da alama. Ya ce Allah ya taimaka, da irin muryar da ake yi wa mahaukaci addu'a.

Hawan dutsen nan ba wasa ba ne. Hanyar awaki ce, tsakuwa na zamewa. Na ce in goya Baba, ya daka mini tsawa: "Ni za ka goya? Buhun da na ɗauka a rayuwata ya fi ka nauyi sau dubu!" To, na bar shi da sandarsa. Ba mu kai rabi ba ya miƙo hannu, na riƙe. Haka muka kai sama, yana haki, ina haki, kowa yana yi kamar ba shi ba.

Ƙal'ar kango ce kawai. Baƙin dutse aka jera da laka, rufi babu, hasumiya ɗaya ta zube rabi, kashin awaki ko'ina. Akwai wani rami mai daɓe da aka ce na tara ruwa ne, ƙaya ta cika shi. Amma katangar da ke kallon maƙabarta tana tsaye, da tagoginta huɗu, dogaye sirara, irin na masu harbi. Baba ya bi su yana shafawa da tafin hannu, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Daga baya ya ce, "Ban san wacce ba ce. A da na ga kamar guda ɗaya ce."

Na ce, "Ba komai, zauna ka huta, ni ne idonka." Na leƙa ta farko. Tabɗi! Maƙabarta ce shimfiɗe daga gindin dutse har bakin gonaki, kaburbura ba iyaka, kowanne da'irar duwatsu ce da tsayayyen dutse a kai da ƙafa, duk iri ɗaya. Gefen da kakana ya haƙa ya daɗe da zama tsakiya. Na leƙa ta biyu, na leƙa ta uku, na leƙa ta huɗu, duk kanwar ja ce. Nan fa jikina ya yi sanyi, sanyin kuma ya juye ya zama fushi, don ni haka nake. Na ce, "Haba! Wace irin alama ce wannan? A ɗaga yaro a taga a ce duba? Ko tsinke ba a kafa ba!" Kakana nake yi wa faɗa, mutumin da ko ganinsa ban yi ba. A gaskiya kunya ce ta kama ni. Na kawo tsoho mai ido ɗaya, na hau da shi dutse, zan sauko da shi hannu rabbana.

Baba ya ce in ba shi buta, zai yi walaha. Ya yi alwala, ya shimfiɗa rawaninsa a ƙasa, ya juya ya fuskanci rana, ya ɗaga hannu zai yi kabbara. Duk da ɓacin raina sai da na yi dariya. Na kama kafaɗunsa na juya shi na ce, "Baba, nan ba Jidda ba ce. Mun yi arewa da yawa, Makka tana kudu da mu. Alƙibla ga ta nan."

Ya sauke hannuwansa a hankali. Har na fara tsoron ko na yi masa rashin kunya. Ya ce, "Kudu?" Na ce kudu. Ya ce, "Ranar nan, mahaifina bai fara haƙa ba sai da ya jira rana ta ɓullo. Ina ganinsa yanzu. Ya dube ta, ya ja layi a ƙasa da sandarsa." Ya ƙara da cewa, "Tun daga gida har Jidda, inda rana ke fitowa muke duba mu yi salla. Ba wanda ya matso kusa da mu a garin nan balle ya gyara masa." Sai ya damƙe hannuna da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba, ya ce, "Koma tagar. Kada ka ƙirga komai. Nemo wanda ya kwanta daban da 'yan'uwansa."

Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, ni kuwa har ƙal'a na hau. Na koma na bi layukan da ido. Dukkansu daga yamma zuwa gabas suka miƙe, sahu-sahu. A taga ta uku na gan shi, kusa da wata busasshiyar bagaruwa: guda ɗaya, kudu da arewa, a gicciye, har na kusa da shi sun ɗan kauce sun ba shi wuri. Na ƙwala ihu, "Baba, ga ta! Wallahi ga ta!" Ya ce, "Yalla, mu sauka." A saukowa bai yi gardamar goyo ba.

Da muka isa na durƙusar da shi a gaban kabarin. Duwatsun baƙaƙe ne, irin na katangar sama, sun nutse rabi a ƙasa. Ya kai fuskarsa dab da su, yana bin su ɗaya bayan ɗaya da idon daman, yana shafawa. Ni kuma wani abu ya tokare ni, na kasa yin shiru. Na ce, "Baba, shekara hamsin da wani abu ba ta duban alƙibla. Ko mu tambayi malamai, in da halin a gyara mata kwanciya?"

Ya ce, "Bar ta, Babana. Wanda ake fuskanta ɗin ya san inda mijinta ya nufa da ita. Da ya kwantar da ita daidai, da yau ban same ta ba."

Ya yi addu'a mai tsawo, ina amsawa da amin, hawaye na zuba a gemunsa bai share ba. Da ya shafa, na ɗauka tashi zai yi, na miƙa masa sanda. Bai karɓa ba. Ya gyara zama kusa da dutsen kai, ya ɗora hannu a kansa, ya rage murya.

"Inna, ni ne," ya ce. "Ki yi haƙuri, na daɗe."