Baba Sannu-Sannu da Kyamarar da Ta Ƙi Murɗuwa

Shekara arba'in da ɗaya, abu na farko da yake yi in ya buɗe shago shi ne shimfiɗa farin tawul a kan tebur, don kada ƙaramin noti ya faɗi ya gangara. Sai ya jera sukudirebobinsa, daga babba har wanda bai fi tsinken sakace ba, ya wanke hannu, ya zauna. 'Yan layin suna kiransa Baba Sannu-Sannu, mai gyaran kyamara. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, domin ido ya yi rauni.

Ni dai Allah ya yi ni da son bin diddigi, don haka na tambayi maƙwabtansa. Telan da ke gefensa ya ce ya taɓa ganinsa kwana tara yana goge haƙorin ƙarfe guda ɗaya da ya ciro daga tsohon agogo, har ya zauna daram a cikin kyamarar wani. Mai kanti kuwa rantsuwa ya yi cewa Baba sai ya shinshina kyamara kafin ya taɓa ta. Na ɗauka zuƙi ta malle ce, sai da na gani da idona.

Ban san fuskar mahaifiyata ba. Ina goye ta rasu, kuma ko hoto ɗaya babu. Bayan rasuwar mahaifinmu muka tsinci kyamara mai naɗewa a akwatinsa, irin wadda in an danna sai gabanta ya fito kamar zugazugi. Goggo ta ce, "Da ita ya ɗauki uwarki, daga nan bai ƙara taɓa ta ba." A wata 'yar jar taga da ke bayanta ana ganin lamba shida, alamar fim yana ciki. Dole a murɗa shi ya naɗe gaba ɗaya kafin a buɗe, in ba haka ba haske ya cinye komai. Abin murɗawar kuma ya kafe.

Na kai wa Baba, ya karɓa, ya kai ta hanci. "Wa ya zuba mata man keken ɗinki?"

"Yayana ne, Baba."

Ya shafa gefen abin murɗawar. "Har da filaya. Injiniya ne yayan naki?"

"A gida kam shi ne."

"Allah ya tsare ya gaji da wuri. Da ya ƙara ƙarfi, da ya yaga miki uwa."

Ya kara ta a kunne yana ɗan motsa abin, ni kuwa ina ta jero tambayoyi, bai kuma gaji da ni ba. Ya ce akwai 'yar sakata a ciki da ke riƙe abin murɗawa har sai an ɗauki hoto, sannan ta saki. Tsohon giris ne ya daskare kamar ƙaro, ya riƙe ta. Bai buɗe bayan ba. Murfin sama kawai ya cire, ya naɗa auduga a tsinken ashana, yana gogewa da lalube. Na ce, "Baba, kana ganin abin kuwa?" Ya ce, "'Yata, yatsu sun riga ido haddace ta."

Kwana uku ina zarya. Ran na huɗu muka ji ƙas! Lamba bakwai ta wuce a jar tagar, takwas ta wuce, fim ya naɗe. Shi ya wanke da kansa, ya ce aikin duhu ba ruwansa da ido.

Hotuna biyar sun lalace. Ɗaya ya fito, dishi-dishi: wata mace tsaye a bakin ƙofa tana dariya, da jaririya a kafaɗa. Na yi kuka, ban kuma ji kunya ba.

Kai ne, Baba, wanda bai taɓa tilasta wa ƙarfe ba. Kai ne ka nuna mana abin da ya kafe tambaya yake so, ba filaya ba. Na gode, Allah ya saka da alheri, ya haskaka maka kamar yadda ka haskaka mini. Masu gyara, ku je ku zauna kusa da shi kafin wata ya ƙare, ku koyi saurare.

Ran nan ya ɗaga hoton dab da fuskarsa, ya daɗe, sannan ya miƙo mini. "Ni ba na gani sosai, 'yata. Faɗa mini, da wa ta yi kama?"

Na ce, "Da ni, Baba."