Sifilin da Na Cike Gurabe da Shi

Akwai wata Laraba da har in bar duniya ba za ta fita raina ba. Lokacin ina gadin likita, wato asibiti, a Dakoro, wata injiniya, ƴar Maradi, ta kafa mana wani akwati a kan rezo, wato layin intanet. Ta ce zai koyi bambance kiran unguwarzoma zuwa babban likita a Maradi da bidiyon da masu jinya suke kallo, don ya riƙa ba kiran hanya tukuna. Wata biyu zai yi yana koyo daga lissafin abin da ke wucewa.

Aikina kaɗan ne: kowace safiya in buɗe ordinata, wato kwamfuta, in ga lissafin ya shiga. Sai na riƙa ganin gurabe fayau, musamman a layin ɗakin haihuwa, inda kuran, wato wutar lantarki, yake yawan ɗaukewa. Ni kuwa tun a makarantar lakkal mushe, malaminmu, ya horar da mu cewa ba a miƙa takarda da gurbi. Tsoro ya kama ni kada a ce na yi sakaci. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina sa sifili, har ina jin daɗin yadda shafin ya yi tsaf.

Ranar gwaji, Larabar nan, majo, shugaban likitar, ya tsaya a kanmu. Unguwarzoma ta kira Maradi, kiran ya yanke. Ta sake, ya yanke. A waje kuwa wani yana kallon kokawa a salula lafiya lau.

"Kwashe kayanki, Madam," in ji majo. "Da mai naƙuda ce fa?"

Injiniyar ta fara haɗa kayanta. Nan take na tuna da sifilin da na sa. In na yi shiru, ba wanda zai sani.

"Ɗiyata," na ce, "ni na cike guraben."

"Da mi, Baba?"

"Da sifili."

Ta dafe kai. "Baba! Gurbi yana nufin ba mu sani ba. Sifili yana nufin ba kowa a layin. Ka koya mashi ɗakin haihuwa kango ne!"

Majo ya harare ni. "Mun sa ka gadin ƙofa, ka koma gadin ramuka." Amma ya ba ta mako guda. Ta ɗauko lissafin asali daga cikin akwatin, ta sa wa kowane gurbi alama, ta sake koyar da shi. Kiran ya wuce.

Tun ranar, abin da ban sani ba nakan bar shi a buɗe, in kira wanda ya sani ya gani da idonsa.