Mu Biyar, Takarda Ɗaya

Shekarar da kuɗin mai ya shigo, gwamnati ta ce kowane yaro sai ya yi boko, mu 'yan mata biyar daga firamarenmu ta wajen Kusada muka nemi shiga kwalejin horon malamai. Aka ce kowace ta rubuta shafi guda a kan kanta, da dalilin da ya sa take son koyarwa.

Ni dai gaskiyata na rubuta. Na ce ni ke karanta wa matan ƙauyenmu Bauranya wasiƙun mazansu da suka tafi Ikko neman kuɗi, kuma na gaji da ganin babbar mace tana shimfiɗa sirrin ɗakinta gaban yarinya don kawai ba ta iya karatu ba. Hedimasta ya karanta, ya yatsine fuska, wai zancen ƙauye ne, zan ja wa makarantarsa dariya. Ya buɗe akwatin ƙarfensa ya zaro wata tsohuwar takarda, ya ce duk mu kwafe. A ciki ubana akawu ne, ni kuma ina sha'awar karanta jarida da dasa furanni. Furanni fa! Mutumin da gero da gyaɗa kaɗai ya sani, shi ne akawu.

Ranar ganawa a Kankiya, matar da ke tantance mu ta jera takardun nan biyar a kan tebur, iri ɗaya sak. Ni ta kira ƙarshe. Ba ta yi faɗa ba.

"Gaya mini wanda ya ba ku wannan, sai in saurari naki labarin daga bakinki."

Ga ƙofa ta buɗe mini. Amma an raine mu a kan cewa yaro ba ya tona asirin babba, balle malaminsa. Na sunkuyar da kai na ce ni na rubuta. Ta sake tambaya, na sake faɗa. Ta rufe fayil ɗina. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma rabin haushin na kaina ne.

Da sakamako ya fito babu sunan ko ɗayanmu, hedimasta ya zo har zaurenmu. Ina bayan danga ina jin sa yana gaya wa Baba ya yi iyakar ƙoƙarinsa, yarinyar ce ba ta da kai. Baba ya yi ta ba shi haƙuri yana godiya, sannan ya ƙwala mini kira, ya ce in kamo wa malam zabi biyu masu ƙiba.

Na kamo, na ɗaure musu ƙafa, na durƙusa na miƙa masa.