Ta Tudun Lodin Shanu Na Je Ganin Likita

Moɗa ce ta fara faɗa mini. Na ɗebo ruwa a randa da hantsi, ina kai ta baki sai na ji ƙararta a ƙasa, ruwa ya jiƙa mini zani. Ban ji lokacin da ta suɓuce ba. Na dubi hannuna na dama, yana nan yadda na san shi, amma ƙaramin yatsa da na kusa da shi kamar na aro. Na cije su. Ban ji komai ba.

Mai ƙafa ba zai gane abin da ya faɗo mini a rai ba. Shan-inna ya ɗauke ƙafafuna tun ina shekara uku. Da hannuwan nan biyu nake murza kekena mai ƙafa uku, da su na gama sakandare, da su nake zuwa firamaren da nake koyarwa a Gwashi. In hannu ya bi ƙafa, shi ke nan sai ɗaki, sai jiran mai juya ni. Har yanzu ba na son tunawa. Amma na yi wa 'yan'uwana masu keke alkawarin zan faɗi yadda na yi na je Gummi, to ga shi.

Gwashi: neman mota

Malamin asibitinmu ya duba hannun ya ce ya fi ƙarfinsa. Ya ba ni takarda, ya ce akwai likitan ƙashi da jijiya da ke zuwa Gummi daga Sakkwato sau ɗaya a wata, ranar kasuwa, saura kwana tara. "Ki tabbata kin yanki kati kafin ƙarfe goma, Ramlatu. In suka rufe, sai wani watan."

Wani watan! Alhali kullum na tashi hannun ya ƙara mutuwa.

Direba uku na yi wa magana a tasha, bakinsu ɗaya. Kekena ƙarfe ne na walda, ba ya naɗuwa, ba ya shiga bayan fijo, bas kuma samanta cike take da buhuna. Na ukun ya ce, "Ki baro shi gida mana. Mu ɗauke ki mu aza cikin mota."

"In na isa fa?"

"Allah na nan."

Allah na nan, amma na san abin da ke nan bayan haka: rarrafe a simintin asibiti tsakanin ƙafafun mutane. Kuma shekaruna ashirin da biyu, ba zan yarda maza su ciccibe ni kamar buhun gero ba.

Na faɗa wa Inna. Ta buɗe adakarta ta fito da tsohon majanyin saƙi. "Shekara goma ina goyon ki kahin ki samu keken ga. Bayana bai mance ba." Na dubi bayan nan da ya ranƙwafa, na kau da kai don kada ta ga idona.

A ranar na tuna da marigayi Baba. Dillalin shanu ne. Ina ƙarama yakan ɗauke ni zuwa kara, wato kasuwar shanu, ya zaunar da ni a gefen tudun lodi. Tudun ƙasa ne mai gangare, gabansa a yanke, tsawonsa daidai da bayan babbar mota. Mota ta dawo da baya ta manne da shi, shanu su hau da ƙafarsu su shige, ba mai ɗaukar su. Na ce a raina, abin da bajimi ya hau, keke zai hau.

Wayar hannu ba ta iso mana ba a lokacin. Na rubuta wasiƙa zuwa ga Alhaji Jaɓɓi, sarkin karan Anka, aminin Baba, na ba masu kai hatsi. Bayan kwana huɗu amsa ta zo da baki: mu taho jajibirin kasuwar Gummi, akwai motar da za ta tafi Gummi fanko ɗauko shanu.

Rana ta farko: Gwashi zuwa Anka

Mun bar gida ƙarfe shida saura minti ashirin, da idar da sallar asuba. Inna ta ƙulle mana guzurin hoce da ƙuli-ƙuli a leda, majanyin kuma ta ɗaure shi a ƙugu. Na ce ta bar shi. Ta ce, "Ke dai tuƙa kekenki."

A-kori-kura muka samu mai kai shinkafa. Ita ba ta da tsawo, katako biyu muka jingina, na murza da hagu Inna tana turawa, sai ga ni tsakanin buhuna. Ta Bukkuyum ya fi kusa da Gummi, amma damina ta cinye hanyar, babbar mota kuma a Anka take. Tafiyar ba ta kai mil talatin ba, ta ci mana awa uku da rabi. Sau biyu muna kafewa a laka. Duk ramin da muka faɗa sai na matse yatsun nan biyu da hagu, ko girgiza za ta farkar da su. Ba su farka ba.

Tara da kwata muka shiga Anka. Direba ya kai mu kara, ba kowa sai angulaye da wani tsoho kan buzu. Alhaji Jaɓɓi ke nan. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Goshin ubanki sak. Shekara talatin ina loda shanu bisa tudun ga, ban taɓa tunanin shina da wani amfani ba." Muka sauka gidan Gwaggo, ƙanwar Baba. Ta yi mana tuwon shinkafa miyar kuka, ta ga ina ci da hagu, ta buɗe baki, Inna ta harare ta, ta rufe.

Rana ta biyu: Anka zuwa Gummi

Shida da minti biyar motar ta manne da tudu. Direban sunansa Ango, Badakkare ne mutumin Zuru, abokin wasanmu mu Zamfarawa. Hawan bai yi wuya ba. Na murza da hagu, Inna ta sa kafaɗa, tayoyi suka bar ƙasa suka hau katakon mota. Ba wanda ya taɓa ni. Na ji kamar in yi guɗa.

Cikin motar yashi ne da ciyawa da warin da kowa ya sani. Ango ya ɗauko igiyoyin da ake ɗaure ƙahon shanu, ya ɗaure keken ta kusurwa huɗu a jikin ƙarafa, ya girgiza shi, ko motsi.

"Yau na ga ikon Allah," in ji shi. "Saniyar Zamfarawa, ƙafa uku, ga ta da takardar makaranta."

Inna ta ce, "Tuƙa sannu, Badakkare. Iyayen gijinka kaɗ ɗauko."

"Iyayen gijin da ke zama kan kashin shanu?"

"Ai gidan bawa munka zo, mi muka iya samu?"

Rabona da dariya tun ranar moɗa.

Bakwai da rabi muka tsaya Nasarawar Burkullu, inda hanyar Bukkuyum ta rabu. Akwai shingen masu duba dabbobi. Ina jin malamin yana tambaya daga ƙasa, "Kai nawa?"

"Biyu," in ji Ango. "Duka mata. Ɗaya tana harbi."

Mutumin ya hau taya ya leƙo da takarda a hannu. Ya ga Inna zaune kan tabarma tana jan carbi. "Subhanallahi! Ina kwananku, Hajiya?" Saura kaɗan ya faɗi. Da ya ji inda za mu, da kansa ya sayo ƙosai mai zafi ya miƙo mana ta tsakanin ƙarafa, ya ɗaga shinge.

Daga Anka zuwa Gummi kusan mil sittin ne, kwalta ce amma duk ramuka. Kafin Daki Takwas hadari ya haɗo. Ango ya tsaya ya ja mana tampol, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, mota ta koma tafiyar hawainiya. Ina duba agogona a cikin duhun tampol. Takwas da rabi. Tara. Na daina dubawa, na koma dubawa.

Gummi: kara

Tara da minti ashirin da biyar muka shiga, ruwa ya ɗauke. Da Ango ya yaye tampol gabana ya faɗi. Duk lissafina na yi shi a kan tudu, na mance ranar kasuwa tudu yana da masu shi. Motoci biyar a layi, ta shida a manne ana korar shanu ciki. Loda mota ɗaya ya fi awa. Bayan motarmu kuwa ya kai ƙirjin namiji.

'Yan lodi suka taru. "A sauko da ita hakanan, da ita da keken, mu shida mun isa." Na dubi nisan ƙasa, na dubi hannayensu duk laka, na ce a'a. Wani ya ce, "To ki kwana nan." Ba zan ɓoye ba, na fara kuka.

Ango ya tafi da gudu, ya dawo da sarkin karan Gummi, wani dogon dattijo da sanda a kafaɗa. Ya ce, "Layi layi na. In na ɗaga ma wani, yau sai an yi jini cikin karag ga."

Inna ta miƙe ta riƙe ƙarfen mota. "Ranka shi daɗe, ka san Mamman Dogo na Gwashi?"

"Dillali? Allah shi jiƙan shi."

"Ɗiyatai ta. Bisa tudu irin wanga shika aje ta in shina ciniki. Hannu guda yar rage mata, likita na rufe kati ƙarhe goma."

Dattijon ya dube ni, ya dubi rana. Sai ya ɗaga sanda ya yi wata tsawa da ban san tana cikin ƙirjinsa ba. Aka tsai da lodi. Motar da ke manne ta ja gaba da rabin shanunta, direbobi biyar suna ta masifa, Ango ya dawo da baya yana ce musu, "Haƙuri, ta Zamfarawa ce, ba ta jira." Makiyaya suka raba garken gida biyu, suka bar hanya a tsakiya.

Aka kwance igiyoyi. Na fito kan tudu, sai na ga abin da ban lissafa ba na biyu. Hawa na sani, sauka ban yi tunaninta ba. Gangaren ya jiƙe da ruwa da kashin shanu, sulɓi kamar kuɓewa, a ƙasa ƙahoni dama da hagu. Burkin kekena kuwa a dama yake. Na kama shi, yatsu uku suka riƙe, biyu suka ƙi.

"Inna, ba ni iya tsai da shi."

Ta kwance majanyin daga ƙugunta, ta zura shi a ƙarfen bayan keken, ta naɗe bakinsa biyu a hannuwanta, ta tuɓe takalma, ta kafa dugadugai a laka. "Tahi. Ina riƙe."

Na saki. Keken ya zame taku ɗaya, majanyi ya miƙe, ya tsaya. Taku biyu. Ina jin numfashinta a bayana. Kasuwa ta yi tsit, har shanun kamar sun san abin da ake ciki. Da tayar gaba ta taɓa ƙasa sai ihu ya tashi, 'yan lodin da suka ce in kwana su ne suka fi kowa tafi. Ban tsaya godiya ba. Goma saura kwata. Na murza da hagu, Inna tana turawa ba takalmi, Ango yana gaba yana kore masu babur. Asibiti kusan mil ɗaya ne. Mun yanki kati saura minti uku.

Ɗakin likita

Ƙofar tana da gangaren da ake tura gadon marasa lafiya, don haka a kan kekena na shiga, zaune, kaina a ɗage. Likitan ya tsikari yatsun da allura. Ya sa takarda tsakaninsu ya ce in riƙe, ya zare ta ba wuya.

"Likita, ciwon ƙafar ne ya dawo?"

Idonsa na kan keken. Ya taso ya durƙusa, ya kama mariƙin hagu, roba a jikinsa. Ya kama na dama, ƙarfe tsirara, da tudun walda a gefe. Robar ta faɗi tun kafin damina, ban ɗauke ta komai ba.

"Riƙe yadda kika saba."

Na riƙe. Ya buɗe tafina. Waldar ta zauna daidai kan kantar da ke gindin hannun, ta gefen ƙaramin yatsa.

"Ga mai laifin," in ji shi. "Jijiyar yatsun nan biyu ta nan take bi, kullum kina danne ta da ƙarfe. Shan-inna bai dawo ba, hannunki ba mutuwa zai yi ba. A goge waldar, a naɗe mariƙin da abu mai taushi, ki huta sati biyu, ki sha maganin da zan rubuta, ki dawo wata mai zuwa in gani. Da kin baro keken nan a gida, da Sakkwato zan tura ki gwaji, mu yi ta lalube."

Na ce ya sake faɗa. Ya yi dariya ya sake faɗa.

Allah ya saka wa Alhaji Jaɓɓi da sarkin karan Gummi da alheri, da Badakkaren da ya dawo da mu har Anka a motar abokinsa, yana cewa saniyarsa ba ta sayu ba. Alhamdu lillahi. Amma abin da ba zan mance ba a ɗakin nan ya faru. Likita bai gama rubutu ba, Inna ta riga ta durƙusa. Ta kakkaɓe lakar majanyin, ta naɗe shi a mariƙin dama zagaye bayan zagaye, ta ƙulle irin ƙullin da take yi a ƙirji. Ta ɗauki hannuna ta aza a kai.

"Na ce miki za a yi goyo," in ji ta.

Na dubi agogon bango ta cikin hawaye. Sha biyu da minti ashirin.