Fanalbita da Motocin Cikin Littafi

Shekara talatin da ɗaya Fanalbita ya yi yana miƙe jikin motocin da suka yi karo. Gajere ne, kunnensa na hagu ya ɗan yi nauyi saboda ƙarar guduma. In aka jawo masa mota gareji, kafin mai ita ya buɗe baki zai shafa inda ta lotse ya ce, "Kai ka buge shi, kuma ba ka taka birki ba sai da ka ji ƙara." Da wuya ya yi kuskure. Daga nan ma matsalar ta taso.

'Yarsa Auta ta faɗi Fiziks bara. Makarantar koyon aikin jinya ta ce in bana ma ba ta ci ba, gurbin da aka ajiye mata ya zama na wani. Da Fanalbita ya ji wai babin karo ne ke ba ta wahala, sai ya ajiye guduma. Karo? 'Yar cikinsa?

Kullum da yamma Auta takan zo gareji, ta zauna kan wata tsohuwar kujerar mota ta karanto masa tambaya.

"Mota mai nauyin kilo dubu tana gudun mita ashirin a sakan, ta bugi wata mai nauyi irin nata da ke tsaye, suka manne. Nemo gudunsu bayan karon. A ɗauka babu gogayya tsakanin taya da titi."

"A ɗauka me?"

"Babu gogayya, Baba."

"To a kan me suke tafiya, a kan sabulu? Ita ta tsayen, birkin hannu aka ja mata ko a giya aka bar ta?"

"Ba su faɗa ba."

"Ba su faɗa ba! Kuma amsa suke so."

Amsar goma ce, Auta ta sani: a ninka nauyi da gudu, a raba da nauyin motocin biyu. Aikin minti biyu. Amma sai sun cinye awa guda, Baba na zana titi da alli a ƙasa, yana tambayar ko an yi ruwa ranar, ko tayoyin sun suɗe.

Abin ya shiga kan yarinya. A gwajin share fage, tambaya uku cikin biyar ta ƙi lissafawa, ta rubuta a ƙarƙashinsu cikin ladabi cewa ba a bayyana yanayin taya ba. Malamin Fiziks da kansa ya tako har gareji, takardar a hannunsa.

"Baba, duk abin da ka gaya mata gaskiya ne."

"To, ka ji!"

"Amma mai duba takarda bai taɓa riƙe guduma ba. Da gangan littafi ke cire birki da ruwan sama, don ɗalibi ya fara gane abu guda."

"Wato ƙarya kuke koya musu, Malam."

"Rabin gaskiya dai. Sauran sai an yi gaba."

Fanalbita ya ja numfashi zai kawo hujja, Auta ta riga shi. Ta ce, "Baba, saura kwana tara a yi jarrabawa."

Ya dube ta, ya dubi zanen allinsa, ya sa takalmi ya goge.

Kwana taran nan shi ya riƙa karanto mata tambayoyi, bai ƙara ko kalma ɗaya tasa ba. Sai dai duk inda ya iso "titi mai santsi sumul", sai ya kife littafin, ya je ya zabga wa wata ƙofar mota guduma uku, ya dawo ya ce, "Ci gaba." Mai ƙofar har yau yana yabon saurin aikin.

Auta ta ci, ba da wani rata mai yawa ba, amma gurbinta ya tabbata. Ranar da ta tafi makaranta ta bar littafin a gareji. Yanzu in aiki ya lafa, Fanalbita yakan ɗauko shi da fensir, yana rubuta a gefen kowace tambaya abin da aka manta ba a faɗa ba. Ya kai shafi na sittin da biyu, kuma yana cigiyar adireshin wanda ya wallafa.